Rigar Gwanjon da Babana Ya Durƙusa wa

Ni ɗan fari ne a gidanmu. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Kusada ya san abin da wannan ke nufi, wanda bai sani ba kuma bari in gaya mashi. Uba ba ya kiran sunan ɗanshi na fari, ba ya kallon fuskarshi, ba ya yi mashi wasa. Kunya ce, haka muka tarar. To babana ya riƙe kunyar nan kamar ita ce sana'arshi. In yana so in ba tumaki ruwa, sai ya juya ya fuskanci danga ya ce, "A gaya wa wancan tumaki na jin ƙishirwa." Wancan ɗin kuwa ga shi nan tsaye, taku biyu tsakaninmu. Ni kuma sai in juya wajen dangar in ce, "Danga, ki ce mashi an ji." Kakata ta yi ta dariya har ta ƙware, shi ko gezau.

Kakar nan, uwar babana, ita ta goya ni, a ɗakinta na tashi. Mijin banza take ce mani, ni kuma in ce mata amarya ba haƙori. Ƙanena da ke bi na shi ne ɗan gata. Shi ake kira da suna tun daga bakin zaure, shi ake ɗorawa kan jaki in za a gona, shi ake gutsura wa ƙuli ranar kasuwa. Ban taɓa jin haushinshi ba, yaro ne mai sanyi, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi.

Na san al'ada ce, duk ɗan fari haka ake yi mashi. Amma iyayen wasu sukan yi kuskure, ido ya kufce masu, ka ga sun saci kallon ɗansu in yana kokawa a dandali. Nawa bai taɓa kuskure ba. Tun ban fi tsawon turmi ba abu ɗaya nake so a duniya: mutumin nan ya ɗaga kai, ko sau ɗaya, ya dube ni.

Da aka ce a kawo yara makarantar boko a Kankiya, ni aka fara miƙawa, don gari ya huta da bakina. Aji biyu na yi. Na fito da karatun da ba ya wuce layi uku, da Turancin da bai cika cokali ba, da iya tafiyar sojoji, hagu dama. Daga nan na sulale na bi masu fataucin goro, ban tsaya ba sai Kumasi.

A Kumasi dako na yi. Kai ne jarina, wuya ne shagona. Ka ɗauki huhun goro daga bakin mota zuwa rumfa, ka ɗauki kwandon doya ka bi bayan wata uwar kasuwa tana zaginka da yarensu kana amsa mata da "amin". Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a Zango, in ɗaya zai juya sai ya nemi izinin biyar. Amma da yamma, in an yi wanka, kowa sarki ne. A nan na kamu da ciwon gwanjo.

Masu gwanjon Kumasi ba rumfa gare su ba, yawo suke yi da kayan. Yawancinsu Zabarmawa ne. Za ka hango mutum tafe, riguna jibge a kafaɗa ɗaya, wanduna a ɗaya, huluna bakwai a jere a kanshi, takalma rataye a wuya, shi kaɗai kamar kasuwa ta yi ƙafa. Mutanen ƙasar suna ce wa kayan nan tufafin mataccen Bature, don sun ce ba mai rai da zai rabu da tufa tana da sauran kyau haka. Mu ba ruwanmu da wanda ya mutu, mu dai mu sa.

Akwai wani dogo a cikinsu, mai wushirya, wanda ya mai da ni abokin cinikinshi. Bakatsine yake ce mani, duk da na gaya mashi sau ɗari tsakanin garinmu da birnin Katsina akwai tafiya. Ya sha cutata, na sha komawa. Ya taɓa sayar mani da wata 'yar riga mai santsi ya ce falmaran ɗin alƙalin Turawa ce, na sa na yi ta yawo kwana uku ina ɗaga kafaɗa, sai da wata mai wankin kayan Turawa ta tare ni a hanya ta riƙe ciki tana dariya, ta ce matansu ke sa ta daga ciki. Ya sayar mani da laima da ba ta buɗewa, ya ce ta riƙewa ce kawai, manya ba sa buɗe tasu. Ban yi fushi ba, don ni ma da ni ne mai kayan haka zan yi.

A shekarata ta biyar can, lokacin ana tsakiyar yaƙin Turawa, wani bafatake mutumin Ƙofa, wani gari kusa da namu, ya same ni a kasuwa da huhun goro a ka. Muka gaisa, na tambayi gida, ya ce lafiya. Sannan ya ce, "Babanka ya ba ni saƙo. Ya ce in na gan ka in ce maka ka zauna inda kake, kada ka dawo."

Na ce, "Da sunana ya ba ka saƙon, ko danga ya ba?"

Ya ce, "Ya ce wancan da ke Kumasi."

Na ga bakinshi ya motsa zai ƙara wani abu. Ban tsaya ba. Na yi dariya da ƙarfi don 'yan dako su ji, na ce, "Ka ce mashi an gode, dama wa ya ce ina kewar tumakinshi?" Na gyara gammo na wuce. Da na tsaya na ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa, da duk abin da zan ba ku labari bai faru ba. Amma bakina ya fi kunnena sauri, tun ina yaro.

Maganar ta zauna mani a ƙirji kamar ɗanyen rogo. Shekara biyar ba ka ga ɗanka ba, saƙon da za ka aiko ke nan? Na ce to, sai na dawo ɗin. Kuma dawowar da zan yi, ko bai so ba sai ya ɗaga kai.

Bayan kwana kaɗan ina zaune bakin masallacin unguwarmu ina cin gasasshiyar ayaba, sai ga dogon nan da kasuwarshi a jiki.

"Bakatsine! Yau na zo da abin da ya fi ƙarfinka."

"In ya fi ƙarfina me ya kawo ka wurina? Wuce gaba, gidan gwamna na can sama."

Ya sauke kaya, ya tona can ƙasa, ya zaro wata kwat ya girgiza ta. Kaki ce, doguwa har gwiwa, mai kauri kamar bargo, aljihu huɗu, da maɓallan tagulla manya suna ƙyalli, da wasu 'yan madauri a kafaɗa. Amma na daure na taɓe baki.

Na ce, "Ta wa ce?"

"Ta wani babban Bature."

"Ya mutu?"

"Kai dai da tambaya. Ya koma ƙasarsu."

"Kullum haka kake cewa. Turawanka duk tsirara suke komawa gida?"

Na juya ta, na ga wani ɗan rami wajen haƙarƙari an ɗinke shi da zare. Na sa yatsa na ce, "Wannan fa?"

"Asu ne ya ci."

"Asun da bindiga yake yawo?"

Ya yi dariya har hulunan kanshi suka karkace. Ya ce in sa in gani, gani ba saye ba ne. Na sa. Ya ɗora mani hular kwano irin wadda Turawa ke sa wa saboda rana, ya zube mani wasu takalman sojoji da suka fi ƙafata da yatsa biyu, ya zaro ɓallen madubi daga aljihu ya riƙe mani. Na duba. Wallahi ni kaina sai da na ji kamar in gaishe da mutumin da ke ciki.

Ya sassauta murya ya ce, "Bakatsine, in ka shiga garinku da wannan, har babanka sai ya miƙe maka tsaye."

Bai san inda maganar ta taɓa ba. Ni ba miƙewa nake nema ba, kallo ɗaya ne. Muka ja ciniki don kada a ce ban ja ba, amma ya riga ya ga idona, ya san ya gama da ni. Da zai tafi ya waiwayo ya ce, "Abu ɗaya. Kada ka sa ta gaban masu kakin gaske, za ka kwana inda ba ka so."

Ban saya wa kowa komai na kirki ba. Kakata na ɗaure mata goro da ɗan kallabi, innata turmin atamfa mai arha. Ƙanena na ce zan ba shi labari, ya ishe shi. Duk ƙarfina a kan rigar nan ya ƙare.

Tafiyar gida ta ci makonni, mota, jirgi, jira, har Kano. Rigar tana ƙunshe cikin tabarma ina matashi da ita. Daga Kano na hau motar gyaɗa da ke komawa ba kaya, don lokacin kaka ne. A cikin motar mutane na ta maganar ɗiban gwamna, wai ana ɗibar samari daga ƙauyuka a kai su haƙar kuza can kan duwatsun Jos saboda yaƙin, kowane mai gari an yanka mashi yawan da zai kawo. Na ji, amma kamar labarin wata ƙasa. Hankalina na kan ko in karkata hular dama ko hagu.

Na sauka Kankiya da hantsi. Sai da na fita gari sosai, na ga ba kowa, na laɓe bayan wata kuka na canza kaya. Na cusa tsumma a bakin takalman don su zauna. Na gyara ɗan gashin bakin da na tara a Kumasi. Ina da wani ƙaramin littafi da guntun fensir da nake yawo da su don a san na yi boko, na soka su a aljihun gaba yadda za a gani. Ƙunshin kayana na ba wani mai jaki da zai bi baya. Sannan na kama hanyar Kusada, hagu dama, hagu dama.

Rana ta kaka ba ta san kwat ba. Kafin in yi nisa gumi ya cika mani takalmi, yana ƙara kamar ana taka kwaɗi. Amma abin da na fara gani ya mantar da ni zafin. Wata Bafillatana da ƙwaryar nono ta hango ni, ta sauka daga hanya ta shige dawa. Gaba kaɗan wasu samari uku na cirar gyaɗa, ɗaya ya ɗaga kai, ya yi wa sauran magana, suka watsar da fartanya suka ruga, ko takalmi ba su ɗauka ba. Wani tsoho a kan jaki ya dira ƙasa ya tsuguna yana "ranka ya daɗe" har na wuce.

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, tun da na ce zan faɗa sai in faɗa duka. Na ce a raina, dogo bai cuce ni ba wannan karon. In na ga mutane a gona sai in tsaya in zaro littafi, in lashi fensir, in yi kamar ina ƙirga su, in ga yadda gona ke zama ba kowa. Dariya nake ƙunshewa har cikina na ciwo. Ban tambayi kaina abin da ke sa ƙarti su bar amfanin gonarsu su gudu saboda fensir ba.

Da la'asar na shiga garinmu. Ba yaro ko ɗaya a waje. Na ji ana rufe ƙyaure ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ƙofar gidanmu, zauren nan dai da na sani, har tsagar da ke gefen ƙofa tana nan. Maimakon in yi sallama kamar ɗan Musulmi, sai na buga ƙyauren da sanda, na kumbura murya, na karya harshe irin na 'yan bariki.

"Ina mai gida? Kaman! Fito waje, maza!"

Niyyata ya fito, ya ɗaga kai ya ga wane isasshe ne, in cire hula, a yi dariya. Iyakarta ke nan, Allah ne shaidata. Abin da na manta shi ne, talaka ba ya kallon fuskar mai kaki. Babana kuma ko da ya kalla, fuskar da bai taɓa tsayawa ya duba ba, ga gashin baki, ga shekara biyar, da me zai gane ta?

Ya fito. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, wuyanshi ya zama siriri. Idonshi bai wuce maɓallan rigar ba. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Sannan ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban takalman gwanjona.

"Ranka ya daɗe," ya ce. "An riga an ɗauki ɗaya a gidan nan. Wata biyu ke nan. A duba takarda, yana ciki."

A nan na gane. Maganar cikin mota, samarin da suka bar gyaɗa, bakin bafataken nan da ya motsa ban tsaya ba, duk suka haɗu wuri ɗaya. An tafi da ƙanena. Saƙon da na ɗauka kora ce, ɓoyo ne.

Nan ya kamata in jefar da hular in faɗi ƙasa in riƙe ƙafarshi. Ko yaro ya san haka. Da na yi haka, da yau ina ba da labarin nan ina dariya, a ce wauta ce ta ƙuruciya. Amma wani abu ya zo mani a rai, mugun abu, kuma na bi shi ina sane. Na ga mutumin nan a hannuna yake, duk abin da na tambaya sai ya amsa.

Na zaro littafin. Na ce, "An ce 'ya'ya maza biyu gare ka."

"Babban ba ya nan, ranka ya daɗe. Yana Kumasi, shekara biyar. Ni na aika mashi kada ya dawo."

"Sunanshi?"

Na ga yatsunshi suna murza bakin hular.

Na ce, "Ba ka ji ba? Faɗi sunanshi."

Ya faɗa. A hankali, kamar mai ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Sunan da kowa ke kirana da shi, 'yan dako, da masu goro, da malamin aji biyu in zai zane ni, amma ban taɓa jin an faɗe shi haka ba. Ashe ya iya. Ashe yana nan a bakinshi duk shekarun nan.

Sannan ya ce, "Amma don Allah kada a rubuta. In dole sai an cika biyu, ga ni, har yanzu ina ɗaukar kwando. Shi a bar mani shi can. Shi Allah ya fara ba ni."

Fensir ɗin ya faɗi daga hannuna.

Kakata ce ta fito daga zaure tana dogara sanda. Ita ta wuce shekarun tsoron kowa, mai kaki ko mai rawani ido take zuba mashi. Ta matso har tana jin warin gumina, ta leƙa ƙarƙashin hular.

Ta ce, "Waɗannan kunnuwan ni na wanke su."

Ta ɗaga sanda ta doke hular, ta yi can tana gangarawa kamar akushi.

"Mijin banza," ta ce. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗi wannan ba dariya ba sai ran nan. "Ubanka ne a ƙasa."

Sai babana ya ɗaga kai.

Abin da na yi shekara ashirin ina nema ke nan, na ƙetare ƙasashe na sayo mashi riga. Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, tun daga goshi har haɓa, kamar mai son ya haddace. Na ɗauka zan ga fushi, da na samu sauƙi. Ba fushi a ciki. Farko murna ce ta taso mashi, na gan ta da idona, ta mutumin da ya ga ɗanshi da rai. Sannan ya tuna inda gwiwarshi take, da abin da bakinshi ya faɗa, da wanda ya sa shi faɗa. Na ga murnar ta koma ciki. Ni na fara sunkuyar da kai.

Ya dafa ƙasa ya tashi. Ya kakkaɓe gwiwa, ya sa hula, ya sa takalmi, ya shiga gida. Sai a lokacin na lura da idanu ta kowace kafar danga. Rabin unguwa sun gani.

Ban iya shiga ta zaure ba, ta baya na zagaya wajen turken tumaki na shiga ɗakin kakata. Na tuɓe rigar na cusa ta ƙarƙashin gado. Innata ta aiko da tuwo, ba ta zo ba, ban kuma ci ba. Kafin magariba kakata ta zauna ta gaya mani sauran. Ranar da aka zo ɗiba, ƙanena yana gona aka kira shi, da 'yar shara ɗaya a jikinshi ya tafi. An tambayi babana ina babban, ya ce ya shiga duniya, ba a san ranar dawowarshi ba.

Ta ce, "Yanzu ga ka, ka shigo da ganga. Daga Kankiya har nan ba wanda bai ga mai kaki ba. Gobe mai gari zai ji ɗan wane ne, kuma har yanzu ana bin shi cikon mutane. Ka mai da ubanka maƙaryaci, ka kuma kawo masu kanka har gida. Boko ta yi rana."

Na ce, "Kaka, wasa ne."

Ta ce, "Na sani. Har wajen sunan ma wasa ne?"



Ta ce gari na wayewa in kama hanya.

Da safe bayan an sauko daga masallaci na same shi zaune a zaure kan buzu. Na tsuguna daga bakin ƙofa, nesa, na ce, "Baba, ka yafe mani."

Bai juyo ba. Ya fuskanci dangar da ke gefen zauren, wadda ta sha karɓar saƙona tun ina yaro, ya ce, "A gaya wa wancan ya kawo rigar."

Na tashi na ɗauko. Na zaci ƙona ta zai yi, kuma da ya ce in shiga cikinta a ƙona mu tare ba zan yi musu ba. Na ajiye a gabanshi. Ya jawo ta kan cinya, ya murza ƙyallen tsakanin yatsu, ya juya cikinta ya duba ɗinkin. Sannan ya zaro 'yar wuƙarshi ta yankan farce ya fara cire maɓallan, ɗaya bayan ɗaya, yana tara su gefen buzu. Ya yanke madaurin kafaɗun. Da ya gama, ta koma riga kawai, ba mai gudu saboda ita.

Ya ce wa dangar, "A gaya mashi jiya na ga kaurinta. An ce ƙasar da aka kai ƙanenshi akwai sanyi, ga shi sanyin na tafe. Akwai masu tafiya can wani makon."

Wato yana durƙushe gabana, yana roƙon kada a rubuta ni, idonshi na kan rigar yana auna ta a jikin ɗayan.

Ya ninke ta ya danne da hannu. Ya ce, "A gaya mashi ya bi ta Ƙofa. Kada ya bi ta Kankiya."

Na jira ko akwai saura. Babu. Da a da ne, nan ne zan ce, "Danga, ki ce mashi an ji." Na tashi na ɗauki ƙunshina, da tsohuwar rigata ta dako a jiki, na fita ta bayan gari. Kakata ta raka ni har bakin gonar farko, ta tura mani ƙullin ƙuli da maɓallan nan a tsumma, ta ce in kai wa wanda ya sayar mani, ya liƙa wa wani wawan.

Ban fi mako da komawa Kumasi ba dogon ya hango ni.

"Bakatsine! Har ka dawo? Ya aka yi, tsohon ya miƙe maka?"

Na ce, "Ta yi mani yawa. Na ba ƙanena."

Ya tsaya yana jiran ƙarashen, don ya san ba na magana ba wutsiya. Da ya ga babu, ya ce yana da wata ta fi waccan. Na ce ya wuce, ina da aiki. Na ƙara shekara biyu a garin, ban sake tsayar da shi ba, har ya daina kirana.

Sai bayan yaƙi na koma gida, da sallama wannan karon. Na tarar ƙanena ya dawo tuni, da tarin da bai rabu da shi ba har ƙarshen ranshi. Rigar ta same shi can. Ya ce su uku suke lulluɓa da ita, kuma cikin waɗanda suka tafi tare akwai waɗanda sanyin bai bari sun dawo ba. Abin da aka gaya mashi kawai, Yaya ya zo daga Kumasi ya kawo maka riga. Gari guda sun ga abin da ya faru a ƙofar gidanmu, amma ba wanda ya taɓa gaya mashi, saboda girman tsohon. Ni kuma ba ni da bakin faɗa.

Babana ya yi shekara tara bayan haka. Bai sake kiran sunana ba, bai sake dubana ba, ni ma ban sake nema ba. Duk shekara in sanyi ya shigo, ƙanena zai fito da rigar nan, ta koɗe, an ɗaura mata igiya a madadin maɓalli, ya zo zaure inda muke jin ɗumi ya ce, "Yaya, rigarka fa har yanzu tana aiki. Allah ya saka." Sai in ce amin ina kallon ƙasa, babana kuma ya juya wajen danga ya tambayi ko an ba tumaki ruwa.